Idon Na'ura da Idon Manomi: Rarrabe Amfanin Gona da Ciyawa a Gonakin Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake amfani da na'urorin tsinkayar haske da dabarar koyon na'ura wajen rarrabe shuka da ciyawa, sannan ta auna fasahar da yanayin gonakin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. An tsaya a kan tsirrai biyu da ke wahalar da na'ura, wato ƙuduji da shibra, da kuma sunayen ciyayi na Hausa, waɗanda sai da su za a iya horar da na'urar da za ta yi aiki a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Kalmar noma tana da ma'ana biyu a Hausa. A faffaɗar ma'ana tana nufin sana'ar gaba ɗayanta, tun daga sharar gona har zuwa kai amfani rumbu. A ƙuntatacciyar ma'ana kuwa tana nufin cire ciyawa daga cikin shuka, kamar yadda ake cewa wane ya nome gonarsa, ko ana noman farko, ko an shiga maimai. Ba banza ba ne harshen ya ba sana'ar sunan wannan aiki guda. Shi ne ya fi cin ƙarfi da kuɗin ƙwadago, kuma ba ya jira. Damina a arewacin Zamfara gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma gonar da ciyawa ta rufe a makonnin farko ba ta cika murmurewa ba ko da an nome ta daga baya.

Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga, ga kuma fadamun da ke bin gulaben Gagare da Bunsuru. Domin kwasar gyaɗa da audugar wannan yanki ne aka ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. A yau hannun da zai yi noma ya ragu. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun kore shanun huɗa, wasu wuraren kuma sai an biya su kuɗi kafin a taka gona. Manoma da dama sun koma ga maganin feshi, wanda ake watsawa ko'ina, a kan ciyawa da inda babu ita. A wasu ƙasashe an riga an ƙera na'urorin da ke duban kowane tsiro su yanke hukunci a kansa kafin su fesa. Ya kamata masu nazarin Hausa su san yadda abin yake aiki, domin wani ɓangare na aikin nasu ne.

2.0 Abin da na'ura take gani

Na'ura ba ta ganin ganye, haske kawai take aunawa. Idan hasken rana ya sauka a kan ɗanyen ganye, sinadarin kulorofil yana shanye mafi yawan ja da shuɗi domin haɗa abinci, ya mayar da ɗan kaso na kore, shi ya sa muke ganin ganye kore. Akwai kuma wani haske da ke gaba da ja, wanda tsawon zangonsa ya haura nanomita 700, idon ɗan'adam ba ya kama shi. Ana kiran sa infrared na kusa. Lafiyayyen ganye yana mayar da shi da yawa ƙwarai, ƙasa da busasshen kara kuwa ba su nuna wannan babban bambanci tsakaninsa da ja. Daga nan aka samo ma'aunin NDVI a farkon shekarun 1970: a debe adadin ja daga adadin infrared, a raba da jimillarsu. Sakamakon yana tsakanin -1 da 1. Tsurar ƙasa tana kusa da sifili, ganye mai yabanya yana kusantar 1.

Da wannan lissafi kaɗai ana iya yin aiki guda, wato gano kore a kan ƙasa. Na'urar WeedSeeker, wadda ta fito a Amurka tun shekarun 1990, haka take yi: tana haska ƙasa da fitilarta, in ta ga kore sai ta buɗe bakin feshi, in ta wuce ta rufe. Amfaninta yana ga gonar da ba a shuka komai ba. Da zarar an shuka, sai matsalar ta koma gano kore a cikin kore, kuma a nan NDVI ba ya raba gero da ƙarangiya, domin dukkansu ɗanyen ganye ne.

Nisan da na'ura take daga tsiro shi ma yana da hukunci. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Tarayyar Turai ta fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoto a zangon haske 13, suna komowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, kuma hotunansu kyauta ne. Sai dai ɗigo ɗaya na mafi kyawun hotonsu yana rufe fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. A gonar geron da aka bar kusan mita ɗaya tsakanin rami da rami, ramuka ɗari ne suka narke suka zama ɗigo guda, tare da wake da ciyawa da yashin da ke tsakaninsu. Ga kuma hadarin Agusta da ke rufe sama daidai lokacin da ake buƙatar gani. Jirgi marar matuƙi yana sauko da ɗigon zuwa 'yan santimita. Kyamarar da aka ɗaura a jikin tarakta, ko ta wayar hannu, ita ce ke ganin jijiyar ganye da gashinsa.

3.0 Yadda na'ura take koyo

A da, injiniya ne ke rubuta wa kwamfuta ƙa'ida: in ganye ya yi faɗi kaza, ko ya fito a wajen layi, ciyawa ne. Ƙa'idojin sukan rushe da zarar ganyaye sun hau juna ko inuwa ta sauya. Abin ya canza bayan 2012, lokacin da masu bincike a Jami'ar Toronto suka nuna a gasar ImageNet cewa tsarin lissafi mai hawa-hawa, wanda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin gani ke aiki, ya fi duk sauran hanyoyi gane abin da ke cikin hoto. Ba a faɗa wa irin wannan tsari abin da zai duba. Ana ba shi dubban hotuna, kowanne da sunan abin da ke ciki. Sai ya yi hasashe, a nuna masa kuskurensa, ya ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinsa, a sake. Hawan farko yakan koyi gane gefe da layi, na tsakiya ya koyi siffar ganye, na ƙarshe ya haɗa su ya ba da suna. Daga nan sai a jarraba shi da hotunan da bai taɓa gani ba.

A kan wannan ne kamfanin Blue River Technology na Kalifoniya ya gina na'urar See & Spray. John Deere ya sayi kamfanin a 2017 a kan dala miliyan 305, kuma samfurin da ya fitar a 2022 yana ɗauke da kyamara 36 a jere a kan hannun feshi mai tsawon kusan mita 36, yana aiki a gonakin masara da waken soya da auduga. Wani kamfanin, Carbon Robotics, ya bar magani gaba ɗaya, yana ƙone ciyawa da hasken leza. Duk waɗannan an yi su ne domin gona mai ɗaruruwan hekta, iri ɗaya tal, a layi miƙaƙƙe. A irin wannan gona rabin aikin ya riga ya ƙare tun ranar shuka, tunda duk abin da ba irin da aka zuba ba ne, abokin gaba ne.

Gonar Bazamfare ba haka take ba. Gero da dawa suna kunya ɗaya ko suna maƙwabtaka, wake yana shigowa daga baya ya yaɗu a ƙarƙashinsu, a gefe ga yakuwa ko rama ko kuɓewa, a tsakiya ga gawo. A rami guda ana zuba ƙwaya da yawa, su fito cunkus, sai daga baya a rage. Na'urar da aka koya wa cewa mai faɗin ganye a cikin hatsi ciyawa ne, waken za ta fara kashewa. Kuskure kuma iri biyu ne, nauyinsu ba ɗaya ba. In ta bar ciyawa, fartanya za ta same ta a maimai. In ta kashe shuka, an yi asarar da ba ta gyaruwa a wannan damina. A ɗauki misali kawai: gona mai ramuka 10,000, na'ura ta yi kuskure a biyu cikin ɗari, ramuka 200 ke nan. Ga mai gonar da zai ci da iyalinsa daga gare ta, adadin da ke burge masu bincike a takarda ba lallai ne ya burge shi ba.

4.0 Ƙuduji

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, shi ne Striga hermonthica a wajen masana tsirrai, mai furen nan ja-ja mai ɗaukar ido da ke fitowa a gindin dawa da gero da masara. Ɗan'uwansa Striga gesnerioides wake yake kamawa. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. An fara ware irin wannan sinadari, strigol, daga saiwar auduga a 1966. In ta tsiro sai ta manne wa saiwar, ta riƙa tsotsar ruwa da abinci tana ƙarƙashin ƙasa har makonni. Kafin kanta ya ɓullo, dawar ta riga ta tsumbure.

Ke nan kyamara tana zuwa a makare. Abin da za ta iya gani da wuri shi ne halin da dawar ke ciki, ba ƙudujin kansa ba, kuma dawar da ƙuduji ya kama tana kama da wadda ta rasa taki ko ta sha fari. Abin ya ƙara rikicewa domin ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji, saboda haka cutar da yunwar ƙasa tare suke tafiya. Masu bincike na cibiyar icipe sun gwada wannan a gonakin masara na Rongo da ke yammacin Kenya, da na'urar da ke auna ɗaruruwan zangon haske, kuma sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna ana iya rarrabe matakan kamuwa, musamman lokacin da ƙudujin ya yi fure. A Jami'ar KAUST ta Saudiyya kuma an fitar da manhajar SeedQuant a 2021, wadda ke ƙirga ƙwayoyin ƙudujin da suka tsiro a ɗakin gwaji, aikin da a da mutum ke yi da madubin ƙara girma har idonsa ya gaji.

A ganina, amfanin na'ura a kan ƙuduji ba na ceton amfanin bana ba ne, na shirin baɗi ne. Taswirar da ta nuna inda ya yi fure tana nuna inda irinsa ya zuba. A nan ne za a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a nan za a kai ɗan takin da ake da shi, a nan za a juya zuwa waken soya ko auduga ko gyaɗa, waɗanda ke sa ƙwayar ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. A nan kuma ya dace a kai irin da ke jure masa, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da IITA da ICRISAT suka daɗe suna fitarwa. Manomi ɗaya ya san inda ƙuduji yake a gonarsa ba sai an nuna masa ba. Wanda bai sani ba shi ne mai rabon iri da taki na ƙaramar hukuma gaba ɗaya.

5.0 Shibra

Shibra, ko shura, ta fi ƙuduji wuyar sha'ani ta wata fuskar, domin a fili take amma ba a gane ta. Gero ce da ta gauraya da danginta na daji. A binciken da Brunken da de Wet da Harlan suka wallafa a 1977 kan asalin gero, da wannan suna na Hausa suka kira ta, kuma da shi ta shiga rubuce-rubucen kimiyya. Tana tsirowa a rami ɗaya da gero, ganyensu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Sai ta fid da kai ake ganin zangarniyarta gajera ce, ƙwayarta ƙanana, kuma tana kakkaɓewa ƙasa da kanta kafin girbi, ta jira damina mai zuwa. Da yake iska ke ɗaukar garin furen gero daga wannan kai zuwa wancan, jininta yana shiga cikin irin da manomi zai ajiye.

Yadda ta kai ga wannan kama abin lura ne. Shekaru aru-aru manoma suna tuge duk tsiron da bai yi kama da gero ba. Wanda ya fi kama da gero shi ke tsira ya yi iri. Wato idon manomi ne da kansa ya sassaƙa shibra har ta fi ƙarfinsa. Masana suna danganta bayanin irin wannan kwaikwayo ga Nikolai Vavilov na Rasha. Babu dalilin da zai hana hakan faruwa da na'ura: in aka yi shekaru ana kashe duk abin da kyamara ta gane, abin da ba ta gane ba shi zai gaji gonar.

Sannan shibra ba abar ƙi ba ce a kowane lokaci. Tana riga gero nuna, kuma a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, gidaje sukan tsinke ta su ci kafin sabon hatsi ya iso. Wannan ya kai mu ga tambayar da injiniya ba zai amsa shi kaɗai ba.

6.0 Wa ya ce ciyawa ce?

A 2019 masu bincike a Jami'ar James Cook ta Ostireliya suka fitar da rumbun hotuna mai suna DeepWeeds, hotuna 17,509 na miyagun tsirrai takwas na makiyayar arewacin ƙasar, kuma na'urar da suka horar ta gane su da daidaito sama da kashi 95 cikin ɗari. Biyu daga cikin takwas ɗin su ne Ziziphus mauritiana da Vachellia nilotica, wato magarya da bagaruwa. Abin da Ostireliya ke kashe kuɗi ta kawar, shi Bahaushe ke cin 'ya'yansa, ya yi wankan gawa da ganyensa, ya jeme fata da kwalɓarsa. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Hukuncin waɗanda suka laƙaba wa hotunan suna ta koya.

A gonar Hausa layin da ke tsakanin amfani da ciyawa yana motsi. Tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya da karkashi ba a cika shuka su ba, amma mai noma yakan kauce musu da fartanya saboda kwaɗo da miya, kuma mata ne suka fi sanin inda suke. Harkiya da kyasuwa da burburwa abokan gaba ne a watan Yuli, a ƙarshen damina kuwa abincin dabbobi ne da ake ɗaurewa a kai kasuwa. Sabara da kalgo an daɗe ana sassabe su ƙurmus, har sai da aikin da Tony Rinaudo ya fara da manoman Maraɗi a 1983 ya nuna ribar barin 'yan rassa su tashi, abin da aka sani da sassaben zamani. Maraɗi kuwa ba ta da nisa da Zurmi da Shinkafi. Rumbun hotunan da ya kasa tsirrai gida biyu kawai, shuka da ciyawa, ya share duk wannan ilimi tun kafin a fara horo. Abin da ya dace shi ne a laƙaba wa kowane tsiro sunansa, a bar wa mai gona ya faɗi wanda za a cire a wannan mako.

Sunan kuma ba a gama tantance shi ba. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya faɗaɗa a 1937, Bargery ya shigar da da yawa a ƙamusunsa na 1934, Roger Blench kuma ya sake bin su a wannan ƙarni. Duk wanda ya duba waɗannan ayyuka zai ga suna ɗaya yana hawa kan tsirrai biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma yana da suna daban a Kano da Katsina da Sakkwato. Ko kalmar ciyawa kanta, a karin harshen yamma haki aka fi cewa, kamar yadda hatsi a can yake nufin gero. Idan ɗalibi daga Zariya ya ɗauki hoto a Zurmi, ya rubuta sunan da ya sani, wani daga Shinkafi ya rubuta nasa, na'ura za ta ɗauka tsirrai biyu ne, ko ta haɗe biyu su zama ɗaya. Gyaran wannan aikin mai nazarin karin harshe ne da mai ilimin tsirrai, su zauna da manomi a gindin tsiron, a naɗi yadda yake furta sunan, a rubuta garin, a haɗa da sunan kimiyya.

7.0 Abin da zai iya shiga gonar

Tarakta mai kyamara 36 ba ta da wurin juyawa a gonar hekta ɗaya ko biyu mai itatuwa a tsakiya. Jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagi a sararin Zamfara. Ko ba doka, wanda ya tashi irin wannan jirgi kusa da daji ya jawo wa ƙauyen da ya tsaya a ciki zargin leƙen asiri. Saura wayar hannu. Ita ma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni, saboda haka manhajar da sai da intanet take aiki ba abin dogaro ba ce. Akwai misalin da za a bi: manhajar Nuru, wadda PlantVillage na Jami'ar Jihar Pensilbaniya ya yi tare da IITA, tana gane cututtukan rogo daga cikin wayar kanta ba tare da layi ba.

Manomin da ya shekara talatin yana noma ba ya buƙatar waya ta gaya masa wannan guɗe-guɗe ne. Masu buƙata su ne malamin gona matashi, da mai sayar da maganin feshi a kasuwar Shinkafi wanda ake tambaya wane magani ya dace da wane haki, da yaran da suka tashi a gudun hijira a cikin gari ba su bi iyayensu gona ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, kuma su ne za su iya ɗaukar hotunan a ƙasar jigawa da ta fadama, da safe da tsakar rana, kafin ruwa da bayansa.

Hoton shibra yana da nasa sharaɗi. Tunda ba a gane ta sai ta fid da kai, ba za a iya laƙaba wa hoton ƙuruciyarta suna a ranar da aka ɗauke shi ba. Dole a kafa wa kowane rami alama da lamba, a ɗaura wa kowane tsiro zare, a riƙa komowa duk mako ana ɗauka tun daga tsiro, sai zangarniya ta fito a waiwaya a rubuta wa tsofaffin hotunan suna. Wannan yana nufin mutum ɗaya ya je gona ɗaya sau takwas ko goma a damina guda, kuma a roƙi mai gonar kada ya rage waɗannan ramuka.